Yadda Ake Ƙawata Ɗaki da Launuka Masu Ƙarfi Bisa Salon Dorothy Draper

Ranar da na fara ganin hotunan otal ɗin Greenbrier da ke jihar West Virginia ta Amurka, na daɗe ina kallo na kasa wucewa. Daɓen falon baƙi ne da fari, manyan murabba'ai a jere. Bango wani wuri kore shar, wani wuri shuɗi mai haske, wani wuri ruwan hoda. Labule da kujeru cike da furanni, wasu sun kai girman faranti. A wani lungu kuma takardar bango ce mai ganyen ayaba fankama-fankama. Da a baki aka lissafa wa mutum waɗannan abubuwa, cewa zai yi ai wannan hayaniya ce, ba ado ba. Amma da ido ya sauka a kai, sai ka ga wurin a natse yake, ga kwarjini, ga fara'a.

Mai wannan aiki ita ce Dorothy Draper, wadda aka haifa a 1889 a jihar New York, ta rasu a 1969. Ba ta yi karatun wannan sana'a a makaranta ba, amma ta kafa kamfaninta na ƙawata gine-gine a 1925. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun mayar da Greenbrier asibiti. Da yaƙi ya ƙare, kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ya sake sayen otal ɗin, ya damƙa mata gyaransa a 1946, aka kuma sake buɗe shi a 1948. Carleton Varney ya gaji kamfanin nata, ya ci gaba da kula da adon wurin bisa tafarkinta har ya rasu a 2022.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa nata launukan ba sa faɗa da juna, alhali mutane da dama sukan zuba launi uku kacal ɗaki ya rikice. Abin da na gano shi ne tana fara kafa ginshiƙi kafin ta saki launi. Ginshiƙin kuwa tsohon tsari ne: hagu ta yi daidai da dama, abubuwa su zo bibbiyu, fari da baƙi su riƙe iyaka, duk launin da ya shigo a maimaita shi. A kan wannan ginshiƙin ne za mu ɗora matakan da ke biye, kuma ba sai kana da otal ba. Ɗaki ɗaya ya isa.

Mataki na farko: zauna da ɗakin kafin ka sayi komai

Tun ran gini ran zane. Kafin ka taɓa gwangwanin fenti, ɗauki kwana biyu ko uku kana lura da ɗakin. Ta ina rana ke shigowa, da wane lokaci? Taga mai fuskantar gabas tana samun haske mai taushi da safe, ta yi duhu-duhu da yamma. Mai fuskantar yamma kuwa da la'asar hasken ja-ja yake shigowa, ya ƙara wa duk wani ja ko rawaya zafi. Ɗakin da rana ba ta shiga kai tsaye haskensa mai sanyi ne, yana sa fari ya yi toka-toka, ya sa shuɗi ya yi ɗari. Mutane da yawa suna ganin maganin ɗaki mai duhu shi ne farin fenti. Ni ban yarda da haka ba. Fari yana buƙatar haske kafin ya yi kyau, idan babu sai ya koma kamar tsohuwar takarda. Ɗaki mai duhu ya fi karɓar launi mai zurfi, kamar kore mai duhu ko ja mai nauyi, a ƙara masa fitilu.

Sai awo. Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da tsayin bango, da faɗin kowace taga da ƙofa, ka zana a takarda. Rubuta abubuwan da ba za su motsa ba: launin daɓe, katakon ƙofa, kabad ɗin da aka gina a jikin bango. Waɗannan ma launuka ne, ko ka lissafa su ko ba ka lissafa ba, za su shiga cikin maganar. Daga nan ka tsai da fuskar ɗakin, wato bangon da ido ke fara faɗawa a kai idan an shigo. A nan za ka zuba mafi yawan ƙoƙarinka.

Mataki na biyu: nemo abu guda da zai ja ragama

Nan ne yawancin mutane ke ɓata tun daga farko, domin da fenti suke farawa. Fenti ana iya haɗa shi ya ba da kowane irin launi, amma yadin da ya kwanta maka a rai ba kullum ake samunsa ba. Saboda haka fara da abu mai zane wanda kake ƙauna: yadi mai furanni, ko darduma, ko takardar bango, ko wani zanen hannu. Sharaɗinsa ɗaya, ya ƙunshi launi uku zuwa biyar. Wanda ya zana shi ya riga ya yi maka aikin haɗa launukan, kai ɗiba kawai za ka yi.

A wurin Draper wannan jagora yawanci yadin auduga ne mai ƙyalli da manyan furannin wardi. Irin wannan yadi yana da tsohon tarihi. Daga Indiya ya fito, sunansa ma na Turanci, chintz, daga kalmar Hindi ne, cint, mai nufin abu mai ɗigo-ɗigo. Da ya isa Turai a ƙarni na 17 mutane suka yi rububinsa, domin launinsa ba ya zuba a wanki, har masaƙan ulu da siliki suka yi kuka. Faransa ta haramta shigo da shi a 1686, Ingila ma ta kafa dokokin hana shi a 1700 da 1721. Abin da ya yi shekara ɗari uku yana faranta wa ido rai ba yayin wata shida ba ne, shi ya sa ake gina ɗaki a kansa hankali kwance. Abin da Draper ta ƙara shi ne girma. Inda wasu ke zuba ƙananan furanni masu kunya, ita sai ta buɗa furen ya yi girma har a hango shi daga bakin ƙofa.

Idan ka samu yadin, nemi yanki wanda ya kai aƙalla rabin mita domin zanen ya fito gaba ɗaya. Rataye shi a ɗakin kwana uku. Idan a rana ta uku har yanzu kana jin daɗin ganinsa da safe da dare, shi ne.

Mataki na uku: raba launukan, kowanne da rabonsa

Shimfiɗa yadin ka fitar da launi uku daga cikinsa. Masu wannan sana'a suna da wani ma'auni da suke koya wa sabon shiga: kashi 60 cikin ɗari ga babban launi, kashi 30 ga na biyu, kashi 10 ga na uku. Babban launi shi ke ɗaukar bango, wani lokaci har da babbar darduma. Na biyu ya ɗauki labule da manyan kujeru. Na uku, wanda yawanci shi ne mafi zafi, ya tsaya a filolin kujera, hular fitila da kaskon fure. Ba lissafi ne da za ka zauna da na'ura ba. Manufarsa kada launuka uku su zo da ƙarfi ɗaya, domin sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya, balle uku.

Misali, a ce yadin fari ne mai furanni ja da ruwan hoda da koren ganye. Bango ya ɗauki koren ganyen. Yadin kansa ya hau labule da kujera ɗaya ko biyu. Babbar kujera ta zama ruwan hoda marar zane. Jan kuwa a ajiye shi ga ƙananan abubuwa. Ko kuma a juya: bango ruwan hoda, kore a kujeru. Duka biyun za su zauna, tunda daga tushe ɗaya suka fito.

Akwai ƙa'idar da ba na yarda a karya: duk launin da ya shigo ɗaki ya bayyana aƙalla a wuri uku, a warwatse. Jan filo guda ɗaya tilo kamar baƙo yake da ya ɓata hanya. Amma in akwai ja a filo, akwai a zanen da ke bango, akwai a bakin labule, ido zai riƙa tafiya daga wannan zuwa wancan, ya ji cewa da gangan aka yi.

Sai fari da baƙi, waɗanda ba sa cikin lissafin can amma su ne shingen gonar. Draper ta shahara da farin ado mai kauri a kewayen ƙofofi da madubai da silin, da kuma daɓe baƙi da fari. An taɓa ba ta wasu tsofaffin gidaje a unguwar Sutton Place ta New York da aka rasa masu so, ta sa aka shafe su baƙi, aka yi musu fararen gefuna, kowace ƙofa da launinta mai haske. A ɗakinka wannan na nufin firam ɗin taga da ƙofa, katakon gindin bango da silin su zama fari tas, sannan a samu ɗan baƙi nan da can: ƙafar tebur, firam ɗin hoto, gindin fitila. Farin yana ba ido wurin hutawa, baƙin yana hana ɗakin zama kamar kantin alewa.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani: launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana sauya shi. Wani masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, wanda ke kula da rini a masaƙar Gobelins ta Paris, ya samu koke cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiya lau yake, launukan da ke kewaye da shi ne ke yaudarar ido. Ya wallafa bayanin haka a 1839. Shi ya sa ja kusa da kore yake ƙara ja, shuɗi kusa da ruwan goro yake ƙara shuɗi. Idan kana so ɗaki ya yi armashi, haɗa irin waɗannan kishiyoyi, amma ɗaya ya fi ɗaya yawa ko ya fi shi sanyi. Idan natsuwa kake so, kamar a ɗakin kwana, haɗa 'yan uwa na kusa, irin su shuɗi da kore.

Mataki na huɗu: gwada fentin a kan bango, sannan ka gyara bangon

Gani ya kori ji. Ɗan katin launi da ake nunawa a wurin sayar da fenti ba ya faɗin gaskiya, domin launi yana ƙara ƙarfi idan ya bazu a babban wuri, kuma fitilar shago daban take da hasken ɗakinka. Na taɓa zaɓen wani shuɗi daga kati, yana da taushi kamar sararin sama, amma da ya hau bango huɗu sai ɗakin ya yi sanyi har ba a son zama a ciki, dole aka sake aikin daga farko. Tun daga nan ba na tsallake gwaji.

Sayi ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku da kake waswasi a kansu. Shafa kowanne sau biyu a kan babban kwali fari, kamar rabin mita a kowane gefe, ka bari ya bushe sarai. Jingina kwalin a bangon da ke samun haske, gobe ka mayar da shi bangon da ke inuwa. Duba shi da safe, da rana, da dare a ƙarƙashin fitila, yadin nan yana rataye a gefensa. Idan launi biyu sun yi maka kunnen doki, ɗauki wanda ya ɗan fi dushewa. A bango zai farfaɗo.

Kafin a shafa, a gyara bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma launi mai ƙarfi ba ya rufa wa tsaga asiri, tona ta yake yi. A cike ramuka, a goge da samfefa, a share ƙura. Idan akwai danshi a nemo tushensa a magance shi tukuna, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Tsohon gida kuma a yi hattara: fentin da yana iya ƙunsar dalma, wadda ke da illa ƙwarai musamman ga yara. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje a 1978, amma har yanzu yana nan a jikin tsofaffin bangaye a ƙasashe da yawa. Kada a kankare shi a bushe ƙura ta tashi, a nemi wanda ya san aikin.

A fara da fentin shimfiɗa, wato wanda ake shafawa kafin na launi. Ga ja ko kore mai duhu, a sa a ɗan rina shimfiɗar ta yi toka-toka, hakan yana rage yawan shafe-shafe. Sannan a shafa na launi sau biyu, ja kuwa sau da yawa sai an yi uku. Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin gwangwani, kuma ka sayi abin da zai isa gaba ɗaya a lokaci guda, domin haɗin yau da na gobe sukan ɗan bambanta.

Batun ƙyalli ma zaɓi ne. Fenti marar ƙyalli yana ɓoye ƙananan aibobi, yana ba launi zurfi, amma ba ya son goga. Mai ɗan sheƙi ya fi dacewa da wurin da hannaye ke yawan taɓawa. Mai ƙyalli sosai na ƙofofi ne da firam, sai fa idan bangonka sumul yake kamar madubi. Akwai wani shahararren ɗaki a Landan da mai ƙawata gida John Fowler ya yi wa abokiyar sana'arsa Nancy Lancaster a ƙarshen shekarun 1950, bangonsa rawaya mai ƙyalli, wanda aka samu ta hanyar shafa siraran shimfiɗu ɗaya bisa ɗaya. Har yau masu ƙawata gida suna komawa ga hotunansa. Abin da ya sa ya yi kyau haƙurin aikin ne, ba rawayar kaɗai ba.

Mataki na biyar: jera kaya bisa daidaito

Nan ne tsohon tsarin yake fitowa fili. Tsaya a gaban bangon da ka zaɓa a matsayin fuska, ka raba shi biyu a zuciyarka. A tsakiya sa babban abu: doguwar kujera, ko gado, ko tebur mai madubi a samansa. Sai ka sa abubuwa bibbiyu a gefuna, fitila a hagu fitila a dama, ƙaramin tebur nan ƙaramin tebur can, kujeru biyu iri ɗaya suna kallon juna. Ido yana karanta daidaito nan take, ya kwantar da hankali, sai ya samu sararin jin daɗin launi. Ɗakin da kaya suke a hargitse kuma launi ya yi yawa, ido aiki biyu yake yi a lokaci guda, shi ya sa yake gajiya.

Ga wasu awo da aka saba aiki da su. Bar hanyar wucewa mai faɗin santimita 75 zuwa 90. Tsakanin kujera da teburin tsakiya kimanin santimita 40 zuwa 45, yadda hannu zai kai ƙafa kuma ta samu wuri. Darduma ta zama babba har ƙafafun gaba na dukkan kujeru su hau kanta. Ƙaramar darduma a tsakar falo, kujeru na tsaye a waje suna kallonta, tana ƙanƙantar da ɗaki fiye da komai. Kuma in da hali kada a manne kowace kujera a bango. Jawo su su kusanci juna yadda mutane za su yi hira ba tare da ɗaga murya ba.

Bayan ka gama daidaitawa, ka karya shi a wuri guda: kujera ɗaya da ba ta da 'yar uwa, ko doguwar shuka a kusurwa ɗaya. Wannan ne ke sa a san gida ne da mutane ke rayuwa a ciki.

Mataki na shida: haɗa zane da zane

Wannan shi ne abin da mutane suka fi tsoro, alhali sirrinsa bai taka kara ya karya ba. Zane-zane suna faɗa ne idan girmansu ɗaya. Saboda haka a bambanta girma: babba guda ɗaya, wato yadin jagora; matsakaici guda, kamar ratsi mai faɗi; ƙarami guda, kamar ƙananan murabba'ai ko ɗigo, wanda daga nesa kamar marar zane yake. Dukkansu su haɗu a kan launi ɗaya aƙalla. Tsakanin kowane zane biyu kuma a bar fili marar zane, ko bango ko kujera, domin su numfasa.

Ratsi da fure aminan juna ne, kuma Draper ta yi amfani da wannan aminci sosai, ratsinta ma mai faɗi ne ba siriri ba. Furen yana lanƙwasa yana yawo, ratsin yana miƙe yana tsare shi. Ratsin tsaye a bango yana kuma ƙara wa ɗaki tsayi a ido. Abin da zan hana ka shi ne manyan furanni iri biyu a ɗaki ɗaya, sai ka ƙware tukuna.

Kafin ka kai wa tela ko mai gyaran kujera, zuba dukkan yankunan yadin a ƙasa tare da kwalin fenti, ka ja baya taku huɗu, ka ɗan runtse ido. Wanda ya yi tsalle ya fita daga cikin 'yan uwansa, cire shi.

Mataki na bakwai: labule

Labule yana iya ɗaga ɗaki, yana iya kashe shi. Kafa sandarsa sama da taga da aƙalla santimita 10 zuwa 15, ko ma kusa da silin, kuma ta zarce faɗin tagar da santimita 15 zuwa 25 a kowane gefe, yadda idan an buɗe labulen ba zai tare haske ba. Tsawonsa ya sauka har ya shafi ƙasa. Faɗin yadin ya ninka faɗin sandar sau biyu zuwa biyu da rabi domin tattarar ta cika. Idan kuɗi bai kai ba, gara yadi mai sauƙi da yawa da mai tsada a ƙuntace. A sa masa shafi daga baya, yana kare launi daga rana, yana kuma sa ya zuba da kyau. Mai manyan furanni kuma a ƙara yadi a kan lissafi, domin tela ya samu damar daidaita zanen a wurin haɗi.

Mataki na takwas: fitilu

Duk wahalar da ka sha a kan launi, ƙwan fitila ɗaya na iya rushe ta. A jikin kwalin ƙwai ana rubuta zafin launin haskensa da ma'aunin Kelbin. Mai lamba 2700 zuwa 3000 haskensa mai ɗumi ne, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. Mai 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana sa ja ya mutu, ruwan hoda ya yi toka. Akwai kuma lambar da ake rubutawa CRI, mai nuna yadda ƙwan ke fitar da launi bisa gaskiyarsa. Nemi 90 ko sama da haka. Dukkan ƙwayayen ɗaki ɗaya su zama iri ɗaya.

Kada ka dogara da fitilar silin kaɗai, haskenta daga sama yake zubowa ya daddale komai. Ƙara fitilun tebur biyu masu hula, da ta tsaye guda a kusurwa. Fitilar da ke rataye a kan teburin cin abinci ta tsaya kimanin santimita 75 zuwa 85 daga saman teburin.

Mataki na tara: tsofaffin kaya, tangaran, madubi da hotuna

Ɗakin da komai sabo ne, an saye shi rana ɗaya a wuri ɗaya, kamar ɗakin nuni yake. A nemi abu ɗaya ko biyu masu shekaru: kabad na katako mai duhu, tsohon madubi, kujerar da aka gada. Katako mai duhu yana yi wa launuka masu haske nauyi. Idan kujerar ta tsufa amma ƙashinta da ƙwari, a sake mata yadi kawai. Idan kabad ɗin ba mai daraja ba ne, a shafe shi fari ko baƙi mai ƙyalli, abin da Draper ba ta jin nauyin yi.

Tangaran mai shuɗi da fari yana shiga kusan kowane irin ɗaki. A garin Jingdezhen na ƙasar Sin ya bunƙasa a ƙarni na 14, da sinadarin shuɗi da ake kawowa daga Farisa, sannan maginan tukwane na garin Delft a Holan suka kwaikwaye shi a ƙarni na 17. Ba sai na asali ba, na zamani ma yana yin aikin. Tara shi wuri ɗaya, uku ko biyar masu tsayi daban-daban, ya fi a watsa shi ɗai-ɗai a ko'ina. Haka duk wasu ƙananan kayan ado.

Hoto a rataye shi yadda tsakiyarsa za ta kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Yawancin mutane suna kai shi sama da yawa. Idan a saman kujera ne, a bar santimita 15 zuwa 20 tsakani, kuma faɗinsa ya kai wajen kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar. Madubi kuwa a sa shi inda zai ɗauko taga ko wani abu mai kyau, kuma a ɗauki babba. Wannan shi ne darasin Draper da na fi riƙewa: abu ɗaya babba mai ƙarfin hali ya fi ƙanana goma masu noƙewa.

Mataki na goma: daga ɗaki zuwa ɗaki

Idan ɗaki ɗaya ya kammala, zauna a cikinsa mako biyu kafin ka taɓa na gaba. A cikin makonnin nan za ka ga abin da ya yi yawa. Kwashe rabin ƙananan kayan ado ka ajiye a kwali, wanda ka yi kewarsa kaɗai ka dawo da shi.

Da za ka shiga ɗaki na biyu, ba dole launinsa ya zama irin na farko ba, a Greenbrier ma kowane falo da nasa. Abin da ke ɗaure su shi ne zare guda da ke ratsawa. Bari farin gefuna ya zama iri ɗaya a duk gidan, sannan launin da ya ɗauki kashi 10 a falo ya zama shi ne babba a ɗakin da ke biye. Tsaya a bakin ƙofa inda kake hango ɗakunan biyu a tare, ka riƙe kwalin sabon fentin a hannu, ka ga ko sun gaisa.

Wanda yake gidan haya ba a yarje masa ya taɓa bango ba, shi ma yana da hanya. Bar bangon a farinsa, a nan farin ne zai tsaya a matsayin kashi 60, ka mayar da ƙarfin launin kan labule mai sauka daga kusa da silin har ƙasa, da babbar darduma, da doguwar kujera. Sayi fitilu biyu iri ɗaya, ka sauya ƙwayayen gidan zuwa masu ɗumi, ka jingina babban madubi a bango maimakon huda shi, amma ka ɗaure shi ta sama idan akwai yara. Ranar tashi duk waɗannan za su bi ka sabon gida, sai dai a rage wa labulen tsawo ko a ƙara masa baki da wani launi daga cikin ukun nan.